Sharhi A Kan Hirar Jirgin Kwal

Ɗan uwa mai karatu, ka san a yankinmu babu dogo. Ka tashi daga Gidan Rumji ka bi kwalta har Maraɗi, ka wuce Agye, ka iso Gazawa, ba za ka tsallake ƙarfen jirgi ko guda ba. Amma akwai hirar jirgi. Duk garin da ke da tsohon da ya taɓa cin rani a Kano ko Gusau, ko wanda ya yi dako zamanin gujiya, to akwai ta. Yanzu kuma ta shiga salula. Hoton dalar gyaɗa ta Kano yana yawo daga waya zuwa waya, an rubuta a ƙarƙashinsa wai da can a ke da arziki.

Wannan hira ita za mu ɗora bisa sikeli yau. Hira ce mai daɗi, kuma akwai gaskiya cikinta. Sai dai an tankaɗe ta, an zubar da tsakin, alhali kuwa cikin tsakin nan ne kakanninmu su ke.

Yadda hirar ta ke

Ka san yadda tsoho ke fara ta. Zai ce tun jirgi yana nesa a ke jin kukansa. Zai kwaikwayi numfashinsa da baki, ya nuna yadda hayaƙi ke tashi baƙi ƙirin. Zai ce kan jirgi guda yana jan abin da raƙuma dubu ba su ɗauka. Daga nan ya gangaro kan kuɗi: buhun gujiya kaza, ga turmin atamfa, ga keke, ga kuɗin aure. Ya rufe da cewa zamani ya lalace.

Abin da na fi so cikin hirar shi ne wurin da tsohon ya san aikin da idonsa. In ka dace da irin wannan, kada ka yi gaggawar tashi. Zai gaya maka jirgin kwal ba ya tashi da makulli kamar mota. Sai an hura masa wuta awoyi kafin tafiya. Ka ga yadda murfin tukunya ke rawa in ruwa ya tafasa? To ƙarfin ke nan. Cikin kan jirgi akwai wata doguwar tukunya cike da ruwa, a bayanta akwai murhu. Kwal yana ci, ruwa yana tafasa, tururi yana taruwa ba shi da mafita. Direba ya buɗe masa hanya, sai ya tura wata sandar ƙarfe gaba da baya, sandar kuma ta juya ƙafafu. Shi ya sa jirgin nan ya ke shan ruwa kamar garken shanu. Tasha bayan tasha an kafa tanki, a tsaya a shayar da shi. In ƙafa tana zamewa a hawa, akwai yashin da a ke zubo wa dogo don ta kama.

Wannan ilimi ne, kuma tsohon da ya riƙe shi ya cancanci a saurare shi. Sauran hirar ce ke da gyara.

Abin da ya faru

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fatauci a 1912. Turawan Ingila sun shimfiɗa shi da fatan auduga, don masaƙun ƙasarsu. Manoman Kano su ka duba farashi, su ka ga gyaɗa ta fi, su ka shuka gyaɗa. (Mu nan gujiya mu ke ce mata. Bakano in ka ce gujiya, wani abu dabam zai kawo maka.) Daga baya aka ja reshe daga Zariya ta Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, aka ja wani daga Kano har Nguru a 1930. Ka ga ke nan dogo ya matso kusa da iyaka ta wuri uku, amma bai shigo ba.

Gujiyar Maraɗi da ta Damagaram ita ta riƙa zuwa wurinsa. Jaki da raƙumi su kawo ta kasuwa, a auna, manyan motoci su kwashe ta Jibiya da Katsina zuwa Kano. Daga Kano jirgi ya ja ta fiye da kilomita 1,100 har Legas, jirgin ruwa ya kai ta Faransa a matse mai. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA su ne ke saye, ta hannun dillalai. Bayan mulkin kai, a 1962, gwamnati ta kafa SONARA ta karɓi cinikin. Cikin shekarun 1960 gujiya ce kan gaba a duk abin da Nijar ke sayarwa waje. Har nan tsoho bai yi ƙarya ba.

To amma dubi hoton dalar nan da kyau. An ce dala guda ta kan ci buhu 15,000. Me ya sa aka tara su a fili, rana tana dukansu, aka lulluɓe da tamfol? Don jirgi ya kasa kwashewa. Bayan yaƙin duniya na biyu reluwen Nijeriya ta yi ƙarancin kawunan jirgi da taragai. Gyaɗar bara ba ta tafi ba, ta bana ta iske ta. Ƙwari su ka shiga wasu buhunan. Hoton da a ke nuna maka don yabon jirgi, rabinsa shaidar gazawar jirgin ce. Wannan cunkoso yana cikin dalilan da su ka sa Faransawa a 1953 su ka fara juya wani kashi na gujiyar Nijar zuwa Dahome, wato Benin ta yau. Mota ta kai ta Paraku, jirgi ya kai ta Kwatano.

Masu tura hoton nan a waya ba su faɗin haka. Ina jin yawancinsu ba su ma sani ba.

Waɗanda hirar ta manta

Tambayi duk mai hirar dala sunan mutum guda, zai ce Alhasan Ɗantata. Daidai ne, babban attajiri ne, ya rasu a 1955, sunansa ya zauna. Yanzu ce masa ya faɗi sunan ɗan dako guda cikin waɗanda su ka hau dalar da buhu a ka. Shiru. Buhu dubu goma sha biyar bai hau kansa ba. Mutum ne ya ɗauka, ya taka buhu ya hau buhu har ƙoli. Cikin masu dakon Kano kuwa akwai ƴan cin rani daga ƙasashenmu na arewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka abin ya ke tun daga tushe. Dogon da ya taso daga Baro, bakin kogin Kwara, ya nufo Kano, da hannu aka yi shi, da diga da kwando. Turawa su ce wa sarki ya kawo mutum kaza, sarki ya ce wa hakimi, hakimi ya ce wa mai gari. Ana biyan ɗan abin da a ke biya, amma talaka ba shi da bakin cewa a'a, ko da gonarsa na jiran noma. Abin ya tsaya wa mutane a rai har kalmar diga ta zama sunan aikin kansa. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma ya yi Waƙar Diga a kan wannan aiki. A ɓangarenmu na Faransa ba a shimfiɗa dogo ba, amma aikin tilas na hanyar mota bai bar kowa ba, sai a 1946 doka ta soke shi. Shukar gujiyar ma ba duka don so ba ne. Haraji, wato lanho, da kuɗi a ke biyansa, kuma gujiya ce ke kawo kuɗin.

Cikin kan jirgin akwai wani wanda hira ta kan tsallake. Kowa direba ya ke yabo, don shi ne ke leƙowa ta taga yana busa. Bayansa akwai mai wuta. Aikinsa ya ɗebi kwal da shebur ya watsa cikin murhu, tun daga tashi har sauka, jirgi na girgiza, wuta na dukan fuskarsa. Ka tuna zafin watan bazara a gona. Ƙara masa bakin murhu. Kuma ba zuba kawai ba ne. In ya tara kwal wuri guda wuta ta shaƙe. In ya yi sakaci ruwa ya ja baya cikin tukunya, tana iya fashewa ta kashe su duka. In an isa, wasu leburori su shiga ƙarƙashi su kwashe toka, su goge, su sa mai. Waɗannan su ne masu jirgin na gaskiya.

Kwal ɗin fa, daga ina? Daga ramukan Inugu, inda aka gano shi a 1909. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 ƴan sandan mulkin mallaka su ka buɗe wuta kan masu haƙar kwal a ramin Iva, don suna neman haƙƙinsu. Mutum 21 su ka mutu. Kafin nan, a 1945, ma'aikatan Nijeriya sun yi yajin aiki fiye da kwana 40 saboda tsadar rayuwa, ƴan reluwe ne a gaba. Jagoransu Michael Imoudu shi ma ma'aikacin reluwe ne. Mutanen da su ka rayu cikin zamanin ba su ce masa zamanin daɗi ba. Da ya yi musu daɗi da ba su ajiye aiki ba.

Wani Bature mai irin wannan kewa

Kada ka ɗauka mu kaɗai ke wannan hira. A Ingila an yi wani mutum, Fred Dibnah, wanda kusan duk rayuwarsa ita ce hirar. Na kawo shi nan don a gwada tasa da tamu.

An haife shi a 1938 a garin Bolton, garin masaƙu. Irin masaƙun nan ne aka so audugar Kano ta ciyar. Talaka ne, ɗan ma'aikata. Ya koyi kafinta, daga baya ya koma gyaran dogayen bututun hayaƙi na masana'antu, waɗanda su ka ninka rimi tsawo. Da tsani ya ke hawa, yana kafa wani bisa wani, da igiya da guduma. Da masaƙu su ka mutu, sai aikin ya juye: maimakon gyara, aka riƙa kiransa ya rushe. Ba ya son nakiya. Sai ya fasa gindin bututun ta gefe guda, yana cire bulo yana tokarewa da katako. In ya gama ya tara itace ya cinna wuta. Katako ya cinye, bututu ya kwanta daidai inda ya nufa.

A 1979 gidan talabijin na BBC ya yi fim a kansa, ya yi suna cikin dare ɗaya. Abin da ya samu kuwa injin tururi ya ke kai wa. Ya sayi wani tsohon injin daɓe hanya na 1910, sa'an dogon Kano ke nan, ya tada shi a bayan gidansa. Wani injin na 1912 ya ci masa fiye da shekara 20 yana gyara. Da ya rasu a Nuwamba 2004, injin nan ne ya ja gawarsa cikin gari, jama'a sun cika hanya. A 2008 aka kafa mutum-mutuminsa a Bolton.

Finafinansa suna nan, masu babbar waya suna iya gani, kuma ko ba ka jin Turanci hannunsa zai gaya maka abin da ya ke yi. Ga inda su ka fi hirarmu. Mai aikin ne da kansa ke magana, da hularsa mai maiƙo da baƙin hannunsa. Ba wani mai karatu ne ya zo yana bayani a kansa ba. In ya tsaya gaban inji ba ya cewa kawai ƙarfen da ya fi na yanzu. Zai nuna maka yadda aka haɗa tukunyar da ƙusoshi masu zafi, ya ɗauki guduma ya yi a gabanka. Duk maƙerin da ya kalle shi zai gane ɗan uwansa. Kewar da ke sa mutum ya koyi aiki har ya tada mataccen inji ta haifi wani abu.

Amma shi ma yana da tasa tankaɗar. Ya kan yabi zamanin Sarauniya Biktoriya kamar babu abin da ya fi shi. A zamanin nan kuwa ƙananan yara na aiki cikin masaƙu da ramukan kwal, hayaƙin bututun da ya ke so yana cin ƙirjin mutane, audugar ma da farko bayi ne ke noma ta a Amurka. Ya kan taɓa wahalar, ya wuce da sauri ya koma kan kyan ƙarfe. Masu yin fim ɗin ma sun fi son haka, don ƙarfe mai sheƙi ya fi daɗin kallo. Ga kuma abin da ya fi ba ni tausayi: abincinsa yana fitowa daga rushe abin da ya ke ƙauna. Yana kuka da mutuwar zamani, shi ne kuma mai haƙa kabarin.

Wanda ya ba da labarin jirgi bai zubar da tsaki ba, a ganina, shi ne Usman Sembene na Senegal. A 1960 ya fitar da littafi da Faransanci, Les Bouts de bois de Dieu, a kan yajin ma'aikatan jirgin Dakar zuwa Bamako, wanda aka yi daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948. (Ana ce wa dogon Dakar-Nijar, amma kogin a ke nufi, bai iso ƙasarmu ba.) Mutanen littafin suna son injin, suna alfahari da iya shi. Duk da haka su ka tsai da shi wata biyar da kwanaki, yunwa na cin gidajensu. Kuma ya sa mata a tsakiyar labarin, su ne ke neman ruwa da abinci, su ne ke tattaki zuwa Dakar. Hirarmu ta gujiya fa? Wa ya ɓare ta? Wa ya sheƙe ta, ya soya, ya matse mai, ya yi ƙuliƙuli? Ban taɓa jin mai hirar dala ya ambaci mace ba.

Me ya kashe zamanin?

Nan ma hirar ta kan yi gajeren zango. Sai a ce lalaci ne na ƴan yanzu, ko a ce mai da uraniyom ne su ka sa aka bar noma. Akwai ƙamshin gaskiya a na biyun, amma ba shi ke nan ba.

Jirgin kwal dai dizal ne ya kore shi, wato gazuwal. Reluwen Nijeriya ta fara kawo kawunan dizal a 1955. Ba su neman ruwa tasha-tasha, ba su neman a kwana ana hura wuta. A ƙasa mai ƙarancin ruwa irin arewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cikin shekarun 1970 aka yi ta ajiye na kwal. Bayan haka kwalta ta yawaita, manyan motoci su ka ƙwace kaya, reluwen kanta ta yi ta ja da baya.

Gujiya kuwa abubuwa ne su ka taru mata. Ƙasa ta gaji, don an yi ta sare daji ana shuka ba hutu. Farashin da Faransa ke sayenta da shi, wanda ya fi na kasuwar duniya, an janye shi a ƙarshen shekarun 1960. Fari ya zo, ya yi tsanani a 1973 da 1974. A 1975 cutar da ɗan ƙwaron nan mai tsotsar ganye ke yaɗawa ta nannaɗe gonaki a Nijar da arewacin Nijeriya. Manomi ya duba ya ga gujiya ba ta cika rumbu, ya koma kan hatsi da wake. Wannan ba lalaci ba ne, lissafi ne, irin wanda manoman Kano su ka yi a 1912 da su ka ƙi auduga. Itatuwan da zamanin gujiya ya cinye kuwa, manoman Agye da maƙwabtansu ne su ka yi ta maido da su tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon kututture a gona. Wannan aiki har daga wasu ƙasashe a ke zuwa kallonsa, amma ban ga hotonsa yana yawo a waya kamar na dala ba.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ba na musun haka. Tsohon da ke kewar jirgi, ƙuruciyarsa ya ke kewa, lokacin da wuyansa ke ɗaukar buhu bai ji komai ba, lokacin da gumin mutum ke da kasuwa. Wannan kewa halal ce, ba mai raba shi da ita. Inda na ke ja shi ne in saurayin da bai ɗauki buhun ba ya karɓi hirar ya mai da ita hukunci, ya ce da can komai lafiya lau. Shi bai biya lanho da gujiya ba. Bai tsaya gaban mai sikeli yana kallo ana danne masa awo ba, shi kuwa bai iya karanta lambar ba.

Maganar ba ta tsufa ba, don dogo na neman shigowa ƙasarmu. Na farko da aka shimfiɗa a Nijar, daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, an ƙaddamar da shi a 2016, amma bai zama hanyar fatauci ba. A Fabrairu 2021 gwamnatin Nijeriya ta aza harsashin wani, kilomita 284, daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, aka ba kamfanin Mota-Engil aikin. Kusan hanyar da gujiyar kakanninmu ta bi ke nan a bayan mota. Wannan ma zai ci gonaki, zai nemi leburori, zai samu attajiransa, kuma wata rana za a yi hirarsa.

Tsoffin kawunan jirgin kwal kuwa, yawancinsu an yanka an sayar a ƙarfe. Kaɗan sun rage a ajiye, wasu a Ebute Metta ta Legas, inda reluwe ke da gidan tarihi. Ko da wani mai zuciya irin ta Baturen nan zai tada ɗaya, ba zai kawo shi Maraɗi ba. Faɗin tsohon dogo milimita 1,067 ne, na sabon kuwa 1,435.